Masarar Kusurwa

"Curtis wa?" Baba ya ajiye cokalinsa da jin sunan wanda na ce ina so in aura.

"Curtis Brandvold, Baba. Ai ka san shi..."

"Na san shi mana! Wa bai san shi ba a gundumar nan? Yaron da ya kashe uwarki, shi ne zai zauna a teburin nan yana cin abincina?"

"Bai kashe ta ba! 'Yan sanda ma sun ce..."

"Lorna, kada ki kawo mini 'yan sanda cikin maganar matata!"

Shekara arba'in ke nan da wannan rana, amma har yau ina jin ƙamshin romon naman da ya huce a gabanmu. Watan Agusta ne, masarar gonarmu ta wuce tsayin mutum, fankar kicin tana ta ƙara kamar za ta ɓalle.

Mu mutanen karkarar Iowa muna da wata ɗabi'a, Allah ya shirye mu. Hanyoyinmu na burji ne, mararrabarmu babu allon tsayawa. Idan masara ta rufe gani, ba ma taka birki, sai dai mu ɗaga kai mu duba sama. In ba mu hango ƙurar wata mota ba, to hanya tamu ce. Haka kakana ya koya wa Baba, haka Baba ya koya wa Mama.

Ranar da Mama, Wilma, ta rasu, an yi ruwa da safe. Burji ya jiƙe, ƙura ta kwanta. Ta ɗauko kek ɗin tuffa za ta kai coci, Curtis kuma, ɗan shekara sha bakwai, ya taho da a-kori-kurar babansa cike da abincin aladu. Ta duba sama, ya duba sama. Motocinsu suka haɗu a kusurwar gonarmu.

Maƙwabtanmu duk sukan sare masarar kusurwa idan ta yi tsayi, don mai tuƙi ya hango hanya. Baba kuwa bayan rasuwar Mama sai ya ƙara taurin kai. Duk shekara sai ya shuka har bakin kwalbati. Amma shi kansa ya daina bin mararrabar, gara ya yi zagayen mil shida in zai shiga gari.

"Baba," na ce, "wa kake zaton yana sare masarar kusurwa duk Agusta?"

"Ke mana. Na yi shiru ne don ban so mu yi ta ja-in-ja."

"Ba ni ba ce."

Ya zuba mini ido.

"Curtis ne. Shekara bakwai ke nan, bai taɓa fashi ba."

A can na fara haɗuwa da shi, shekara uku kafin wannan rigima. Na fito da sassafe neman karenmu, na iske mutum da adda a gonarmu, wandonsa sharkaf da raɓa. Na gane shi nan take. Na zage shi tas, na ce masa ɓarawo, na faɗi abin da ya fi haka muni. Ya tsaya da hularsa a hannu har na gaji don kaina.

"Duk na yarda," ya ce. "Ki bari kawai in ƙarasa layin nan. Motar makaranta za ta fara bi ta nan ranar Litinin."

Na koma gida ina kuka, ina kuma jin haushin kaina da na lura hannunsa na zubar da jini. Da Agusta ya zagayo na kai masa safar hannu. Daga safar hannu sai kofi, daga kofi sai hira a kan murfin mota, kafin in farga zuciyata ta tafi ba sallama.

Ranar rigimar kuwa, Baba ya ture kwanonsa. Ya miƙe ya fita wajen shanu, bai ƙara yi mini magana ba har kwana uku.

Na kira Curtis a waya ina shessheƙa.

"Zo ka ɗauke ni! Mu tafi birni, fasto ya ɗaura mana aure kowa ya huta!"

"A'a, masoyiyata."

"Ba ka sona ke nan?"

"Ina sonki kamar in mutu, kin sani. Amma na riga na raba mutumin nan da matarsa. Ba zan raba shi da 'yarsa ba. In bai yarda ba... to bai yarda ba."

Na kife wayar. Wallahi da yana kusa da na jefe shi da ita! Amma na san gaskiyarsa, na kuma san ni kaina ba zan iya barin Baba shi kaɗai a gidan nan ba.

Ranar Asabar da hantsi na ji Baba ya tayar da mota. Na leƙa, sai na ga ya miƙe hanyar mararraba, wadda rabonsa da ita shekara bakwai. Na san Curtis yana can da addarsa. Na ari ta kare ta cikin gona, ganyen masara na yankar mini fuska.

Na same su tsaye, taku biyu tsakaninsu.

"Mista Hoekstra," Curtis ya cire hula, "na san gonarka ce. Na shigo ba izini."

"Me ya sa?"

"Saboda ban taka birki ba, yallaɓai. Kullum in na rufe ido sai in ga ƙafata a kan totur. Wannan kaɗai na iya yi."

Baba ya daɗe yana kallon kwalbatin.

"Sau uku ta ce mini in sare ta," ya ce a hankali. "Sau uku a makon nan. Ta ce mini, Orval, masarar nan ta rufe hanya. Na ce mata sai Asabar, ina da aikin ciyawa. Ranar Juma'a ta rasu."

"Baba..."

"Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ga in na bar kusurwar nan ba shuka, duk wanda ya wuce zai san laifin wane ne. Sai na ɗora maka, yaro. Kana ɗan sha bakwai na ɗora maka, kai kuma ka ɗauka!"

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko a maƙabarta. Ranar ya yi kuka har da majina, Curtis ma haka, ni kuwa ba a magana.

Can Baba ya fyace hanci, ya fizge addar.

"Kuma ko saran ba ka iya ba! Shekara bakwai kana yi mini ɓarna. Wa ya ce maka daga tushe ake sarewa? Saman goyo ake datsewa, hanya ta buɗe, masara ta nuna abinta. Haka za ka riƙe mini gona?"

Curtis ya kalle ni, na kalle shi.

"Riƙe gona, yallaɓai?"

"Kurma ne kuma? Lorna, a ina kika samo shi?"

Cikin Satumba aka ɗaura aurenmu, ba a yi girbi ba tukuna. Baba ne ya tuƙa ni zuwa coci, ina sanye da rigar auren Mama da aka rage mini. Na zaci zai yi zagayen da ya saba, sai ya miƙe hanyar mararraba.

Kusurwar a buɗe take, ana hango mil guda ta kowane ɓangare, ko kare babu a hanya. Duk da haka ya taka birki, motar ta tsaya cak. Ya duba hagu, ya duba dama. Sannan ya sauke gilashi, ya kalli bakin kwalbatin.

"Wilma," ya ce, "na sare ta."

Ya share ido da bayan hannu, ya sa giya.

"Mu je, 'yar Baba. Kada yaron can ya zaci mun fasa."