Hanjin Agogon Alhaji Idris

Ranar Litinin da hantsi, a daminar 1998, Alhaji Idris Nahuce ya faɗo ofishin Sufeto Mannir a Gusau, babbar riga na sharar ƙasa. Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa na Bungudu, kuma irin mutanen nan ne da in suka fara magana sai dai ka nemi wurin zama. A bayansa akwai amininsa Hamidu, siriri mai doguwar riga, wanda aikinsa kawai gyaɗa kai.

"Sufeto, an sace mani agogo!"

Sufeto ya dubi hannun Alhaji. Ga agogo nan ɗaure, ƙato, mai baƙar fuska.

"Wannan na hannunka fa?"

"Wanga? Gawa ce! An kwashe hanjin."

Sufeto ya aje biro, ya nisa. Ga ƙarar satar shanu a kan tebur, ga rikicin gona, shi kuma an haɗa shi da hanjin agogo. Kai, aikin ɗan sanda!

Alhaji ya kwance agogon ya shiga bayani. A Jidda ya sayo shi. Irin na masu nutso a teku ne, ba ya cin batir, motsin hannu ke ba shi rai, ruwa kuma ba ya shigarsa. Ran Juma'a ya yi alwala sai ya ga gumi ya rufe fuskar daga ciki. Ya kai wa wani mai gyara, aka kwance murfin ƙarfen da ke bayansa, sai ga ɗan injin roba da batir, irin na agogon yara.

"Kuma ɓarawon na nan bayan kanta tun jiya. Direbana, Manu."

"Me ya sa kake zarginsa?"

"Ban taɓa cire agogon ga ba sai sau guda. Ran da na shiga wankan gawar wani abokina a Kwatarkwashi na ba shi ya riƙe."

"Haka ne, Alhaji," in ji Hamidu.

Suna fita DPO ya leƙo. Alhaji ya riga ya cika masa kunne, don haka maganarsa gajera ce. In ba a samu wani abu ba zuwa Laraba, a kai direban kotu.

Sufeto ya san abin da wannan ke nufi. Direban da aka kira ɓarawo gaban alƙali, ko an sake shi, babu mai sake ba shi makullin mota daga Gusau har Sakkwato.

A bakin ƙofar caji ofis wata mata na zaune da kwano a rufe. Kulu ce, matar Manu. Tun safe ake ce mata ta tafi, ta ƙi.

Aka fito da Manu, dattijo mai furfura a gemu, ido ya faɗa.

"Ka riƙe agogon?"

"Na riƙe, ranka ya daɗe."

"Ka buɗe shi?"

"Da mi? Da haƙori? Juya shi kawai na yi in kalli cikinsa kamar yadda kowa ke yi, sai na iske ƙarfe."

"Da can me ke wurin?"

"Gilashi mana! Duk Bungudu an san shi. Kana ganin 'yan ƙafafun na juyawa, wani abu na bugawa kamar zuciyar tsuntsu. Ranar nan sai na ga an rufe. Ban tambaya ba, yaron gida bai tambayar ubangida."

Sufeto ya ɗauki agogon ya juya. Murfin murɗe shi ake yi, sai da makulli na musamman. Ba aikin da mutum zai yi a cikin mota a ƙofar gidan makoki ba ne. Ransa ya ɓaci, ya aika a kira masa Alhaji daga kasuwa, shi kaɗai.

"Alhaji, da wane murfi ka sayo agogon nan?"

Alhaji ya gyara hula. "To, ka san a Jidda an ba ni zaɓi. Gilashi na da kyan kallo, ƙarfe kuma ya fi jure wahala. Na daɗe ina tunani, har mai shagon ya haɗa mani duka biyun. Kai a ganinka wanne ya fi?"

"Alhaji, don girman Allah! Mutum na kulle. Wa ya canza murfin, kuma yaushe?"

Alhaji ya dubi ƙofa, ya rage murya. Maganar ta fito da ƙyar. Tun da ya dawo da agogon, kowa ya zo majalisarsa sai ya ce a ciro a gani. Ana ta "kai, kai," babu mai cewa Masha Allah. Ba a jima ba motarsa ta masara ta kife a hanyar Tsafe. Sai Hamidu ya ja shi gefe ya ce kambun baka ne, a rufe hanjin nan kafin bakin mutane ya cinye sauran dukiyar.

"Me ya hana ka faɗa mani tun farko?"

"Haba Sufeto! Ni da nake yi wa mutane faɗa kan camfi kullum? A ji na rufe agogo don tsoron baki? Ai sai a yi da ni a tasha."

"Wa ya kai shi aka canza?"

"Hamidu. Wurin wani Dalhatu a Tsafe, don kada a gani a nan. Amma kada ma ka fara. Hamidu tare muka tashi, kwano guda muke ci."

Sufeto ya bi shi da kallo har ya fita. Wato don kada a yi wa mutum dariya a tasha, wani ya kwana da sauro a bayan kanta.

Motar ofis ba ta da mai. A shekarar nan layin gidan mai ya fi na asibiti tsawo. Sufeto ya sa farin kaya, ya shiga motar haya, aka matse shi tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji, har Tsafe.

Dalhatu mai agogo na zaune a rumfarsa bakin titi, gilashin gyara maƙale a ido. Sufeto ya zauna kamar mai ciniki.

"Malam, agogon ruwa nake son saye. Mai bayan gilashi ko mai ƙarfe?"

"Ƙarfe!" in ji Dalhatu, ko ɗagowa bai yi ba. "Gilashi na 'yan gayu ne. Ƙofa biyu ke nan ka buɗe wa ruwa. Amma fa gaskiya, mai ƙarfe sai ka yarda da wanda ka ba gyara, don ba ka ganin abin da ya bar maka a ciki."

"Ka taɓa canza wa wani?"

"Ban taɓa ba."

Sufeto ya ciro agogon Alhaji ya aje a kan akwatin, ya ɗora katinsa na ɗan sanda a kai. Gilashin ya faɗo daga idon Dalhatu.

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

"To tashi mu je Gusau, wataƙila a can ka tuna."

"Tsaya! Na tuna."

Ya ce wani siririn mutum ne ya kawo shi, ya ce mai agogon ya gaji da saita lokaci, a sa masa injin batir a rufe da ƙarfe. Robar da ke tare ruwa ta tsinke wurin aikin, mutumin ya ce ba komai, a rufe haka.

"Injin na asali fa?"

"Ya zo da wani tsohon gidan agogo irinsa, na gwanjo. Ya ce in zuba a ciki, in sa masa murfin gilashin. Na gaya masa gidan nan ya sha jiki, ko ɗigon ruwa kada ya bari ya taɓa shi."

Sufeto ya rubuta, Dalhatu ya sa hannu yana rantse-rantsen da ba a tambaye shi ba.

Washegari Sufeto ya karɓi belin Manu da kansa, suka hau motar haya zuwa Bungudu. Suka iske majalisar Alhaji ta cika a ƙarƙashin darbejiya, motarsa Fijo na gefe ta yi ƙura don babu mai tuƙa ta. Da aka ga Manu sai kowa ya kau da kai. Shi kuwa ya tsaya daga nesa, bai hau tabarma ba.

"Malam Hamidu, kai ka kai agogo Tsafe?"

"Ni ne. Alhaji ya aike ni."

"Ina murfin gilashin?"

"Na bar wa mai gyara."

"Injin fa?"

"Wane inji? Ni mi na sani ga agogo? Ko ɗaurawa ban yi."

Sufeto bai ja maganar ba. Ya zauna, aka ba shi fura ya sha. Can ladan ya kira Azahar, aka jero butoci. Kowa ya naɗe hannun riga, ban da Hamidu, wanda ya ɗauki butarsa ya nufi bayan Fijo.

Sufeto ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya zagaya. Ya same shi tsugune, ya tura hannun riga har sama da gwiwar hannu, yana kwance wani abu daga damtse zai jefa aljihu.

"Kawo in riƙe maka, kada ya jiƙe."

Ashe agogo ne. Sufeto ya karɓa, ya dawo tsakiyar mutane, ya juya bayan agogon sama. Ga gilashi, ga 'yan ƙafafu na juyawa.

"La ilaha illallahu!" in ji wani tsoho. "Ai hanjin Alhaji ne!"

Alhaji ya miƙe, buta ta kife a kan tabarma. "Hamidu? Kai?"

Hamidu ya zauna a ƙasa. Bai yi gardama ba.

"Ni ne. Ba sayarwa na yi niyya ba, wallahi. Tun ran da ka nuna muna shi raina ya biya. Kowa ka ba ya riƙe, ni in na miƙa hannu sai ka ce Hamidu hannunka da maiƙo. Da motar ta faɗi sai na samu hanya. Na ce in an rufe da ƙarfe ba ka ƙara dubawa, tunda kai fuskar kawai kake nuna wa mutane."

"Manu fa?" Sufeto ya daka masa tsawa. "Kana tsaye aka kulle shi, kana ta cewa haka ne Alhaji!"

"Na ɗauka kwana guda za a sake shi."

Sufeto ya sa masa ankwa, yana jin kamar ya haɗa da Alhajin. Sai kuma matsalar kullum ta taso. Da me za a kai shi Gusau?

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro makullin Fijo. Ya nufi Manu yana murmushin kunya.

"Manu, ai sai haƙuri. Shaiɗan ne. Karɓi, ka kai su, ka dawo mu tafi kasuwa."

Manu ya dubi makullin, ya dubi mutanen da suka yi shiru ran da aka tafi da shi. Ya karɓa.

"Zan kai Sufeto, don shi ya wanke ni. Makullinka ka aika a karɓa a caji ofis. Tun kana da buhu guda nake ɗauko ka, Alhaji, amma ko tambayata ba ka yi ba."

Alhaji ya koma ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar tabarmarsa.

Sufeto ya tura Hamidu kujerar baya ya zauna kusa da shi. Manu ya goge ƙurar gilashi da hannun rigarsa, ya tayar da mota, bai waiwayi gidan ba.