Allurai a Rijiyar Abdulaziz

Magariba ta kawo jiki a Kalgo, kaji sun shige akurki, Lauratu na wanke-wanke a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo cikin daro. Ba dutse ba ne. Sirinji ne, da allurarsa da busasshen jini.

Mahaifinta Tambari ya gane shi. Shekarar korona ce, kuma shi ke kwashe shara a asibitin da aka killace masu cutar. An ce ya riƙa ƙonawa yana binnewa. Amma Tambari na da ciwon da ya fi korona, wato ƙanensa Abdulaziz. Gonar gado aka raba musu. Albasar ƙanen har daga Diggi ake zuwa kallo, tasa kuwa ko akuya sai ta yi shawara. Hassada ta ci shi. Ya riƙa juye takunkumi da safar hannu da allurai cikin tsohuwar rijiyar lambun Abdulaziz, don ruwan ya ɓaci albasar ta mutu.

Kwana uku ana jifa kowace magariba. A na huɗu Lauratu ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi da muryar tsohuwa.

Aka ɗauko Malam Nasiru daga Gwandu. Ya daɗe yana karatu, sannan ya yi tambaya.

"Wane ne kai? Mi yarinyar ga ta yi maka?"

"Macce nike, kuma ba ta yi mani komi ba," in ji muryar. "Rijiyag ga gidana ce tun kakanninku. Ku kun rufe hancinku kun tsare ɗiyanku, mu kunka zubo muna ƙazanta. Ɗiyata ta taka allura, tana kwance. Ta Tambari kuma tana yawo lafiya lau? Ban iya gani."

Malam ya ce ta faɗi abin da za ta karɓa. Ta ce ba ta son zakara, ba ta son turare. Wanda ya zuba shi zai kwashe da hannunsa, da rana tsaka, mai rijiyar na riƙe masa igiya.

Tambari ya ji da ma mutuwa aka ce. Amma ya dubi 'yarsa, ya tafi ya faɗa wa ƙanensa komai. Ya so ƙanen ya zage shi, ko ya huta. Abdulaziz ya ɗauko igiya kawai ya ce, "Mu tahi, Yaya."

Buhu tara suka fitar, suka ƙona, suka binne. Da la'asar muryar ta yi sallama, Lauratu ta yi atishawa ta buɗe ido. Tambari ya matso da hannuwansa duk tsaga da jini. Ta dube shi, ta dubi bayansa.

"Bappa Abdulaziz, ba ni ruwa."

Tambari ya tsaya yana kallo tana sha daga hannun ƙanensa. Ya yi hamdala da gaske, kuma wallahi abin bai daina cinsa ba.