Rantsuwar Mai Fentin Iyakar Waldeck

Ottilie na feraye dankali, hawaye na ɗiga cikin kwano, mahaifinta ya shigo kicin da gwangwanin fentinsa.

"Har yanzu kukan ɗan Furushiyan nan ne?"

Shekara talatin Konrad Emde yana fentin turakun iyakar Waldeck, ƙasar da mai keke kan ƙetare kafin ya ji yunwa. An sauke yariman da ya ɗauke shi aiki tun ƙarshen yaƙin duniya, sai dai labarin bai iso zuciyar Konrad ba. Albrecht kuwa, mai raba wasiƙu, wanda ke son Ottilie, laifinsa ɗaya: a bayan turke aka haife shi, a ƙasar Furushiya, tafiyar awa guda.

"Baba, cocinmu ɗaya, harshenmu ɗaya..."

"Na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse! Muddin ina numfashi ba ki auren ɗan Furushiya!"

Shekara shida suna jira, har Albrecht ya gaji.

"Za a mai da ni birnin Kassel nan da wata uku. Ki biyo ni a ɗaura a can, ko mu haƙura da juna."

"Ba ta taga zan bar gidanmu ba," in ji ta.

Ranar ɗaya ga Afrilun 1929 aka haɗe Waldeck da Furushiya. Konrad ya fita da burushinsa, ya tarar ana tumɓuke turakun ana lodawa a keken doki. Ya dawo ya zauna a gida, kwana uku ya ƙi cin abinci. Ottilie ba ta yi masa dariya ba. Miya take kai masa da zafinta, ta ɗauke da sanyinta.

A rana ta huɗu matarsa Berta ta ja kujera.

"Maigida, yanzu duk namijin garin nan ɗan Furushiya ne, har da kai. Ni ma ɗan Furushiya nake aure, ba wanda ya yi shawara da ni. Ko 'yarka ta tsufa a kicin, ko ka je wurin fasto ka sauke wannan rantsuwa."

Konrad ya dubi Ottilie. Ta rame, ga kwanon miya a hannunta. Ya ɗauki hularsa ya fita zuwa wurin fasto.

Da Albrecht ya zo gaisuwa, tsohon ya miƙa masa hannu, idonsa jawur.

"Ɗauke ta. Amma ka sani, 'yata ba ta bi ka ƙasarku ba. Ƙasarku ce ta biyo ta har gida."

Yara, ku riƙe wannan: kada ku ɗaure rantsuwa a turken da gwamnati ke iya tumɓukewa. Mai haƙuri kuwa, wani lokacin iyaka da kanta ke tashi ta ba shi hanya.