Koren Gishiri a Matakalar Bernadine

Ranar da likita ya ba Bernadine Wojcik izinin taka ƙafa bayan aikin gwiwa, ko coci ba ta nufa ba. Tasi ta hau zuwa gidan hayarta da ke unguwar Lovejoy, nan Buffalo ta Amurka, don ta ga ko dusar ƙanƙara ta karya mata rufi. Ɗan ƙaramin gida ne, shi kaɗai ta mallaka ban da wanda take kwana a ciki, kuma tun farkon sanyi babu kowa a cikinsa.

Sai ta tarar da labule a taga. Labule mai furanni, irin wanda ko kyauta aka ba ta ba za ta rataya ba.

Ta buga ƙofa da sandarta. Wata budurwar mata ta buɗe, da jariri a kafaɗa.

"Lafiya, Mama?"

"Ita na zo tambaya. Me kike yi a gidana?"

"Gidanki kuma? Gidan Mista Grant ne. Ni 'yar hayarsa ce."

Sunan matar Yaritza, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. A waya ta ga tallar gidan, a waya suka daidaita, a waya ta tura kafin alƙalami da kuɗin wata. Mista Grant ɗin ko muryarsa ba ta taɓa ji ba, saƙo kawai yake rubutowa, wai aiki ya kai shi wata jiha. Ya turo mata lambar wani ɗan akwatin ƙarfe da aka rataya a mariƙin ƙofa, ta buɗe ta sami mukulli a ciki.

Ɗan sandan da ya zo, Sufeto Pruitt, mutum ne mai wuyan riga da ya matse shi har jijiya ta fito. Bai zauna ba.

"Su wa ke da mukullin gidan nan, Madam?"

"Ni, sai Otis mai yi min gyare-gyare."

"Ɗan hayan da ya tashi fa? Kin canza kwaɗo bayan fitarsa?"

Bernadine ta dubi silin. Duk taron masu gidajen haya da ake yi a zauren coci, ita ce ke ɗaga yatsa tana cewa a canza kwaɗo ranar da ɗan haya ya fita. Nata ba ta canza ba, don mai kwaɗo ya yi tsada.

Nan take ta buga wa uwar Duane, ɗan hayan da ya tashi.

"Ina ɗanki?"

"Yana Texas wurin haƙar mai tun kafin ganye ya zube. In kin same shi ki ce masa uwarsa ba ta mutu ba tukuna. Mukullinki ma ga shi nan a aljihun rigar da ya bari, zo ki ɗauka."

Saura Otis. Otis Fairley ya ba wa sittin baya da nisa, kuma kowa a unguwa ya san a ƙuruciyarsa ya yi zaman kurkuku kan satar bututun jan ƙarfe. Kowa ya sani, har wanda ba a haifa ba lokacin, don ba a rasa mai maimaitawa. Ya iso da felu a hannu.

"Kai ke share ƙanƙarar gidan nan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ka ga mutane sun tare, ba ka gaya wa mai gida ba?"

"Na ɗauka ita ta zuba su. Tana kwance da gwiwa a kumbure, zan dame ta da abin da ta sani?"

"Wa ya rufe ruwan gidan da sanyi ya shigo?"

"Ni."

"To ga shi an buɗe. Wa ya san inda makunnin yake?"

Babban makunnin ruwan gidan yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a bayan wani katako da ko magini sai an nuna masa.

Suka tafi da shi. Kafin ya rufe mota Pruitt ya ce da tsohon tarihin da mutumin ke da shi, mai gabatar da ƙara ba zai tsaya dogon tunani ba. Otis kuwa abu ɗaya ya ce ta taga: "Madam Berna, wa zai ɗaga Lucille da safe?" Matarsa ce, ɓarin jikinta ya shanye, shi ke ɗauko ta daga gado ya zaunar da ita a kujera.

Bernadine ta koma gida ta kasa zama. Ta ɗora shayi ta manta da shi. Ta kunna talabijin ta kashe. Ta aika 'yar cocinsu ta kwana da Lucille, sannan ta kira aminiyarta Connie Marchetti, wadda suke zama kujera ɗaya a taron masu gidaje suna yi da kowa.

"Otis? Kai, ban yi zato ba," in ji Connie. "Amma ƙawata, kin san mai hali. Ki bar hukuma ta yi aikinta, ki kula da gwiwarki."

Washegari da hantsi gwiwar na zogi, amma tana Lovejoy. Ta sauka ɗakin ƙasa da baya da baya, Yaritza na riƙe da ita. A jikin bango akwai zanen ruwa da ya kai idon sawu, kwalayen da ke ƙasa duk sun jiƙe sun bushe sun kumbura.

"Haka kika same shi?"

"Ya fi haka jiƙewa. Mista Grant ya ce wanke ɗakin aka yi."

Bernadine ta taɓa wani ɗan famfo da ke can ƙasa kusa da daɓe. Idan za a bar gida babu kowa a sanyin garin nan, rufe babban makunni ake yi, sannan a buɗe wannan ƙaramin don ruwan cikin bututu ya tsiyaye, kada ya daskare ya fasa su. Mai dawo da ruwa sai ya fara rufe ƙaramin. Wanda ya yi wannan aikin bai rufe ba, ruwa ya yi ta ambaliya kafin ya farga. Otis da ya buɗe famfon da hannunsa ba zai yi haka ba ko a mafarki.

Ta kira Pruitt. Ya ce, "Tsufa ma na sa mantuwa, Madam," ya kashe.

Ta hau sama tana huci. Yaritza ta miƙa mata kofi, ta karɓa ta ajiye, ta zaga falo, ta dawo.

"Faɗa min komai game da Mista Grant ɗin nan."

"Gaskiya, Mama, ban taɓa samun mai gida mai kirkinsa ba. Shekaranjiya famfon kicin na ɗiga, na rubuta masa, nan da nan ya amsa. Ya ce in ɗaure da tsumma, kada ruwa ya ɓata katakon ƙasa."

"Ɓarawo ne ke tausayin katakona?"

"Ranar da na zo duba gidan ma an barbaɗa gishiri a matakala don ƙanƙara ta narke. Ya rubuto wai in riƙe ƙarfen gefe, kada in zame."

Bernadine ta tsaya cak. Ɗan damfara in ya karɓi kuɗi jefar da wayar yake yi. Ina ruwansa da wanda ya zame a ƙofar gidan da ba nasa ba? Mutum ɗaya ne a duniya ke ganin ƙanƙara a matakala ya hango lauya da kotu, har hannunsa ya kai ga buhun gishiri bai sani ba: mai gidan haya.

Ta fita waje, ta durƙusa da gwiwar da likita ya hana, ta sa farce a tsagin matakala inda felu ba ya kaiwa. Gishirin da take saya wa Otis fari ne, mafi arha a shago. Wanda ya maƙale a farcenta kore ne, mai tsadar nan da ba ya ƙona tafin ƙafar kare.

Ta daɗe a durƙushe, har sai da Yaritza ta ɗago ta.

Bernadine ta ce, "Zan ba ki lambata. In na turo miki saƙo, ki kira Mista Grant ɗinki. Kira, ba rubutu ba."

Matakalar gidan Connie ta sha koren gishiri kamar an yi ɓarin wake. Biskit, ɗan farin karenta mai rigar saƙa, ya tarbi Bernadine da haushi. Pruitt ya yarda ya biyo ta ne don ta ce in bai zo ba za ta je ofishinsu ta zauna har a tashi. Ya tsaya a mota.

"Shigo, gurguwa," in ji Connie. "Ga burodin kirfa yanzu na sauke."

"Gurguwa ta fi mai haƙoran roba. Connie, da ina asibiti, mukullaina da na ba ki ki riƙa ba furannina ruwa, guda nawa ne a zoben?"

"Ina zan sani? Tuli guda. Sau nawa zan ce miki ki daina haɗa mukullan haya da na gida?"

"Kin faɗa kam. Ranar da Otis ya rufe ruwan Lovejoy kuma kin raka ni, ko?"

"Na raka ki. Ranar ce nake ba ki labarin matar limamin coci da mai gyaran fiyano."

"Ita ce. Kina tsaye ya cire katakon ya rufe babban makunni. Da ya sunkuya wajen ƙaramin famfo kin juya baya, kin kai labarin daidai inda mijin ya shigo."

Connie ta ci gaba da yanka burodi. Yankan dai ya fara karkacewa. Bernadine ta danna wayarta a ƙarƙashin tebur.

Cikin durowar cokula wani abu ya fara kuka. Biskit ya ruga ya tsaya gabanta yana haushi.

Bernadine ta ce, "Ɗauki wayar mana, ƙawata. Wataƙila famfo ne ya sake ɗiga."

Connie ta ajiye wuƙa ta zauna. Labarin kowa ya san rabinsa. Wani mai lacca ya zo gari ya koya musu a jinginar da gida ɗaya a sayi na biyu, a jinginar da na biyu a sayi na uku. Connie ta kai huɗu, ba ta bar ko sisi a gefe don gyara ba. Sai na'urar ɗumama ɗaki ta mutu a ɗaya, rufi ya yoye a wani, 'yan haya suka watse, banki ya fara aiko takarda.

Connie ta ce, "Na ce kafin ki miƙe na mayar da kuɗin, in lallaɓa yarinyar ta tashi. Gida a rufe, Berna, yana zaune ba ya kawo komai. Zuciyata ta kasa ɗauka."

"Wannan zan iya haɗiyewa. Amma jiya na ce miki an kama Otis, kika ce in kula da gwiwata."

Bernadine ta ɗaga labule ta yafito Pruitt.

Ya saurara, ya buɗe durowa da hankici, ya dubi saƙonnin, ya sassauta wuyan rigarsa. "Me ya hana ki jefar da wayar, Madam?"

"Da jariri a gidan," in ji Connie. "In ɗumama ta mutu fa? Bututu su fashe?"

Kafin la'asar Otis yana gida, shi ya mayar da Lucille gado. Washegari ya canza duk kwaɗon Lovejoy, Bernadine ta biya ba ta yi ciniki ba, abin da unguwa ba ta taɓa gani ba. Yaritza kuwa sai da Bernadine ta kira wurin aikinta da tsohon mai gidanta, ta bi diddiginta kamar za ta aura wa ɗa, sannan suka sa hannu a takardar haya ido da ido. Labulen ne dai ta kasa sa ta cire.

Da za a fita da Connie, abu ɗaya ta roƙa, a riƙe mata Biskit, kuma Bernadine ta rantse ba za ta yi ba. Satin nan an ga Bernadine a shagon kayan gini tana dogara sanda, Biskit a hammata da rigar saƙarsa, tana faɗa da mai shago kan kuɗin koren gishiri.