Zamzam a Kwalbar Badaru

Kofin ya suɓuce daga hannun Maman, zamzam ya malale a kan kafet.

"Masai, Raliatou? Daga masai?"



Kamalu, ɗan aminiyarta mai kantin atamfa a Château Rouge, wanda ya daɗe yana nacin aurena, shi ya tako har gidanmu a La Courneuve, gefen Paris, da bidiyo a wayarsa. Ga Badaru saurayina a rami har ƙugu, bayan wani tsohon gida a Lyon, yana washe baki yana bayanin cewa kwalaben da suka fi kyau a tsofaffin ramukan masai ake samunsu, don a zamanin da can nan ake zubar da tarkace.

Duk muka juya ga shuɗiyar kwalbar da Badaru ya kawo wa Maman ranar gaisuwa. Don tsananin son da take mata, zamzam ɗinta ta juye a ciki, har baƙi take tsiyaya wa.

Ta rantse in dai ita ta haife ni, babu ni babu mai tonon masai.

Washegari na hau jirgin ƙasa na TGV zuwa Lyon ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa. A unguwar La Guillotière na same shi, ƙasa har gira.

"Chérie..."

Na ce kada ya chérie ni, yau ni ba masoyiyarsa ba ce. Ya sunkuyar da kai, ya ce ramin ya bushe tun kafin a haifi kakanninmu, ya zama ƙasa, kwalbar kuwa ya wanke ya tafasa. Ita ce mafi soyuwa cikin duk abin da ya taɓa haƙowa, shi ya sa ya ba uwata. Kunya ce ta hana shi faɗin inda ta fito.

Wallahi haushinsa nake ji, amma son ya fi haushin yawa. Na ce ya wanke jiki ya biyo ni Paris.

Mun tarar da Maman ta zuba wa kwalbar ido. Zamzam ne, ba ta iya zubarwa, ba ta kuma iya sha. Ashe har Malam ta kira a waya, ya ce gilashi ba ya shan najasa, wanki ya wadatar. Kamalu na gefe yana zuga.

Badaru ya durƙusa.

"Hajiya, na ɓoye maki. Ki yafe mini."

Sai Maman ta tsiyaya zamzam ɗin a kofi, ta miƙa wa Kamalu. Ya ja da baya yana toshe hanci.

Ta miƙa wa Badaru. Ya yi bismilla ya sha rabi.

Maman karɓa ta yi ta shanye sauran.

"Turo magabatanka," ta ce. "Amma in na ga kwalba ko ɗaya cikin lefe, ni da kai ne."