Labarin Da Ya Riga Wutar Tashi

Ana idar da sallar Juma'a a Aliero aka hango hayaƙi ya turnuƙe bayan gari, wajen rudunan albasa, rumfunan karan nan da manoma ke ajiye amfaninsu har ya yi daraja. Kafin jama'a su isa da bokitai, ajiyar ƙungiyar manoma ta zama toka.

Sufeto Ɗanlami bai tsorata da tokar ba kamar yadda ya tsorata da wayoyin da ke hannun mutane. Duk wanda ka duba kansa a sunkuye, yana karanta abu guda. Shafin intanet ɗin nan da manoma ke duba farashi kullum, Albasa A Yau, ya buga cewa Waliyyu, makiyayin ƙauyen Giwa Tazo da ke cin rani da shanunsa a bakin fadama, shi ya cinna wutar. Har da hotonsa.

Sufeto ya taɓa ganin abin da irin wannan rubutu ya jawo a wani gari da ya yi aiki, kuma har gobe ba ya son tuna gawarwakin.

Ya sa sanda ya tona tokar. Wani wari ya bugi hancinsa, ba na ƙuna kaɗai ba. Albasar da ke ƙasa ta yi laushi, tana ɗigar da baƙin ruwa. Wannan kam ta ruɓe tun kafin wuta ta same ta.

A caji ofis ya tarar da Waliyyu ya kawo kansa, ko takalmi babu.

"Yallaɓai, wallahi ko ashana ba ni da ita. Iyalina na Giwa Tazo, an ce samari za su tahi can bisa babura."

Sufeto ya buga wa 'yan sandan Maiyama, waɗanda Giwa Tazo ke ƙarƙashinsu, waya su tare hanya. Yana ajiyewa Kofur Talatu, wadda aka bari tana tsaron kantar ofis lokacin salla, ta matso.

"Yallaɓai, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na karanta labarin nan tun ana huɗuba. Na fita na duba, sama fes, ba hayaƙi. Na ce ƙarya ce irin ta 'yan intanet. Sai can daga baya wutar ta tashi."

"Kin tabbata?"

"Liman bai ko tada salla ba."

Kai! Labarin gobara ya riga gobarar. Sufeto ya ɗauki hularsa.

Mai shafin, Malama Iklima, malamar firamare ce da ke zaune bayan kasuwa. Ya same ta a soro idanu jawur, wayarta na ta ƙara tana kashewa.

"Ba ni na rubuta ba, yallaɓai. Ina madafi lokacin."

"Wa ke da kalmar sirrin shiga shafin?"

"Ni kaɗai."

"Ko mijinki ba shi da ita?"

"Ni kaɗai na ce," ta amsa da sauri, idonta a ƙasa.

Ƙarya take yi, Sufeto ya gani sarai, amma ƙaryar mai tsoro ce, ba ta mai mugunta ba. Ya tambayi wanda ya gina mata shafin. Ta ce Ismail, mai shagon kwamfuta a Jega.

Yana fitowa ya ga samari sun fara taruwa gaban caji ofis, wasu da sanduna. Ya taka mota zuwa Jega.

Ismail na ƙoƙarin rufe shago ya tare shi. Dogo ne mai surutu, amma yau muryarsa ta shige ciki.

"Ni gini na yi na miƙa mata, yallaɓai. Na ce mata kowa ya riƙe nasa mabuɗin, mai kawo farashi a ba shi ikon rubutu kawai, ita ta duba kafin ya fita. Na ce ta sa lambar nan da ake turowa a waya duk lokacin shiga. Ta ce wahala ce. Mutanenmu ke nan, gida guda kalmar sirri guda."

"Ba wa'azi na zo ji ba. Buɗe mini cikin shafin."

Ismail ya buɗe da mabuɗin da ya ajiye don gyara. Ya ƙura wa allon ido.

"Wanga rubutu ba a take anka sake shi ba. Tun jiya anka shirya shi, anka saita mishi lokacin da zai hito da kanshi, daf da la'asar."

"Daf da la'asar? Ai tun ana huɗuba ya fito."

Ismail ya latsa wani wuri, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Agogon shafin na kan lokacin Makka. Bara da Malama ke buga labarin alhazanmu ta ce in maida shi haka, don kada su ruɗe da lokacin jifa. Ba wanda ya tuna ya gyara. Su can sun riga mu da awa biyu."

Ashe nan gizo ke saƙa. Mai rubutun ya so labari ya biyo bayan wuta, agogo ya fallasa shi.

"Wa ka koya wa saita lokaci?"

"Ba kowa."

"Ismail, akwai mata da yara a Giwa Tazo. In aka taɓa ɗaya daga cikinsu, da kai za a rubuta rahoto."

"Tsoro nake a ƙone mini shago, yallaɓai. Yayan Malama ne, Abdu. Makon jiya ya zo, wai yana son farashi ya riƙa hita ko yana gona inda ba sabis."

Sufeto ya san Abdu. Shi ne mai kula da ajiyar ƙungiyar manoma.

Da ya koma Aliero taron ya ninka. Ana dukan ƙofar caji ofis, ana cewa a fito musu da Waliyyu. A sahun gaba kuwa, wa ya fi kowa ɗaga murya? Abdu, rawaninsa a warware.

"Malam Abdu, kai ne mai ajiya, shigo ka ba mu bayani," in ji Sufeto.

Abdu ya shigo da ƙarfin gwiwa. Sai ya ga ƙanwarsa zaune a benci, Kofur Talatu ta ɗauko ta. Tafiyarsa ta canza.

"Yaushe ka san an yi gobara?"

"Da munka hito masallaci, kamar kowa."

"To wa ya sanar da kai tun jiya, har ka rubuta?"

"Ni? Mi ya haɗa ni da shafi? Ko karatun boko ban yi nisa ba."

Sufeto ya juya ga Iklima. "Malama, wa ke da kalmar sirri?"

Ta fashe da kuka. "Yaya, ka yafe mini. Shi ka kawo mini farashi, yallaɓai. Da ya ce in ba shi, ta yaya zan ce ma yayana a'a? Shi ya rene ni."

"Ka saita labarin ya fito daf da la'asar," in ji Sufeto, "amma agogon shafin na Makka ne. Kofur Talatu ta karanta gobararka tun kana neman ashana. Kuma na tona tokar, Malam Abdu. Na shaƙi abin da ka so ɓoyewa."

Abdu ya zube a ƙasa, ya rufe fuska da rawani.

"Ban bari albasar ta sha iska ba na loda ta. Garaje na yi. Duk ta ruɓe daga ƙasa, albasar mutum sama da talatin, guminsu na shekara. Da wane ido zan dube su? Na ce in wuta ta ci, anka ce Bafulatani ne, ba mai tambayata."

"Ba mai tambayarka. Shi kuma a kashe shi da 'ya'yansa?"



Dutse ya faɗo kan kwanon ofishin, kowa ya zabura. Sufeto ya san ko ya fita da lasifika ba mai sauraron ɗan sanda a wannan hali. Shafin da ya kunna su, shi za su yarda da shi. Ya miƙa wa Iklima wayarta.

"Rubuta gaskiya, ki sake ta yanzu."

"Har da suna?"

"In ba suna, ba za su bar Waliyyu ba."

Ta dubi yayanta. Bai ɗago ba. Hawaye na ɗiga kan allon ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, sannan ta latsa.

A waje hayaniyar ta fara lafawa, kawuna suka sunkuya kan wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Aka sa wa Abdu ankwa, aka fitar da shi ta ƙofar baya zuwa mota, ƙanwarsa na kiran sunansa bai waiga ba.

Sufeto ya leƙa ɗakin da Waliyyu ke ɓoye.

"Fito, an wanke ka. Ka iya tafiya gida."

Waliyyu bai motsa daga lungun ba.

"Yallaɓai, na farko kowa ya karanta shi, har Maiyama. Wa ya ce maka duka za su karanta na biyu? Don Allah ka bar ni nan tukuna."