Jirgin Barmo da Ya Yi Sauƙi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci itatuwa, Ya bambanta ƙarfinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wata safiya daraktan wata lakol, wato makarantar boko, a Cadawa ya ɗaga ɗan jirgin ruwan da marigayi Barmo masassaƙi ya sassaƙa, wanda ake nuna wa yara idan ana ba su ƙissar Annabi Nuhu, sai ya ji ba shi da nauyi. An musanya shi da wani mai kama da shi. Nan take aka tuhumi Ɗanlami gardi, aka ce ya bar aiki.

Jandarma Abdussamad ya zo, ya danna farcensa a gindin jirgin. Farcen ya shige.

"Da wane ice Barmo ya yi nasa?"

"Gindin ƙirya ne, gefen kuma maɗaci," in ji darakta.

"Wannan gawo ne aka rina. Ƙirya ko wuƙa sai ta wahala."

Ya tambayi Ɗanlami su wa ke shiga ɗakin da ake ajiye jirgin.

"Ranka ya daɗe, Hamisu mai gyaran tebura, sai Baba Baƙo, wan marigayi, mai zuwa shafa wa jirgin mai. Ni ko muciya ban iya feƙewa ba."

Abdussamad ya tarar da Hamisu yana sassaƙa turmi, guntayen ƙirya zube ko'ina. Hamisu ya juya jirgin, ya yi dariya.

"Da ni ne, da na yi shi da ƙirya, har abada ba ku ganewa. Amma wannan saran na gwani ne, ya fi ƙarfina."

Daga nan ya nufi gidan Baƙo. Tsohon ya miƙo masa ruwa, ƙwaryar tana kaɗawa a hannunsa.

"Baba, wanda ya yi wannan ya san jirgin Barmo gaɓa-gaɓa, ya kuma san ƙirya ta dace da shi. Bai zaɓi gawo don jahilci ba. Hannunsa ne ya daina iya ice mai tauri."

Baƙo ya dubi jirgin, ya ce:

"Ɗana, tare muka sari ƙiryar nan da ƙanena. Kullum na je sai in tarar yara sun ɓalle wani abu. Sai na ɗauke nasa na adana, na ce su yi wasa da nawa."

"An kori Ɗanlami saboda shi, Baba."

"Innalillahi! Ba wanda ya gaya mini."

Ya shiga ɗaki ya fito da jirgin Barmo naɗe cikin rawanin marigayi. Ya ƙi hawa babur ɗin Abdussamad, ya taka da ƙafa har lakol, ya durƙusa gaban gardin.

"Na ci haƙƙinka, Ɗanlami. Ka yafe mini."

"Tashi, Baba, na yafe. Kawo in riƙe maka, yana da nauyi."

Darakta ya mayar da Ɗanlami bakin aikinsa a ranar.

Allah Ya jiƙan Barmo da dukan magabatanmu, Ya tsare mai karatu daga ɗaukar alhakin wani. Amin.